Matsoracin Bakin Rijiya

A Unguwar Bobbo, wani ƙauye da ke gefen Gazara a ƙasar Makarfi, idan aka ce "matsoraci" ba a tambayar wanne. Kowa ya san Ɗan'azumi ake nufi. Sunan ya kama shi har ya daina juyowa da fushi, sai dai ya amsa gaisuwa ya wuce da igiyarsa a kafaɗa.

Sana'arsa yasar rijiya ce, ko kuwa dai a ce sana'ar Yahya ce, domin a shekara goma sha ɗaya da suka yi suna aiki tare, daga rijiyoyin gidajen Ikara har na lambunan Kudan, ba a taɓa ganin ƙafar Ɗan'azumi ta wuce bakin rijiya ba. Yahya ne ke shiga ya kwashe taɓo da guntayen igiya da tsofaffin takalma. Ɗan'azumi yana sama, riƙe da igiyar da ya ɗaura masa a ƙarƙashin hammata. Abin da ya fi ci wa mutanen gari rai shi ne, wai ladan aikin raba daidai suke yi. Ba aljihunsu ba ne, amma abin yana damunsu ƙwarai. Yahya ɗan kawunsa ne, taubashinsa, kuma yayan matarsa Suwaiba, saboda haka sai aka yanke hukunci a majalisar mai shayi cewa zumunci ne kawai ke ciyar da shi.

Da a ce ɗan wani ne da an ƙyale shi. To, amma ɗan Malam Zainulabidin ne, wanda har yau ake ba da labarinsa a garinsu Hunkuyi ta ƙasar Kudan. Shekara ashirin da biyu ke nan, guga ya tsinke a wata tsohuwar rijiya bayan kasuwar hatsi. Mai gugan ya shiga, aka ji shiru. Ƙanensa ya bi shi, aka ji shiru. Malam Zainulabidin yana wucewa ne kawai, bai ma san sunayensu ba, ya tuɓe riga ya miƙa wa wani ya shiga. Da la'asar aka jera makara uku. Shi kuwa gugan da aka shiga dominsa, washegari wata tsohuwa ta zura ƙugiya ta ciro shi kafin a gama gaisawa. Daga nan uwar Ɗan'azumi ta kwaso 'ya'yanta ta dawo gidan yayanta a Unguwar Bobbo, tare da sunan mijinta na jarumi, wanda ya biyo su har can. Duk dattijon da ya ga Ɗan'azumi tsugune a bakin rijiya sai ya girgiza kai ya ce albasa ba ta yi halin ruwa ba.

Shi ma dai yana ba su abin faɗi, don aikinsa akwai tsirfa. Kafin Yahya ya sa ƙafa, sai ya zura fitilar ƙwai a kunne har ƙasa, in ta mutu babu shiga. Sannan ya ɗauko wata baƙar laima da ya saya a kasuwar Ikara, ya buɗe ta, ya ɗaure ta da igiya kanta na kallon ƙasa, ya zura, ya jawo, ya tafi gefe ya kifar da ita kamar mai zubar da ruwan wanki, alhali babu komai a ciki. Sau arba'in yake yi, yana ƙirgawa. Ya ce gurɓatacciyar iska nauyi gare ta, a gindin rijiya take kwanciya, sai an kwashe ta. Mutane kan bar aikinsu su zo kallon mai ɗiban babu yana zubar da babu.

Tsirfar ƙarshe ita ce surutu. Da zarar Yahya ya kai ƙasa, Ɗan'azumi zai leƙa ya ce, "Kai Yahya, ka dai san raken Kudan ya fi na Makarfi zaƙi ko?" Yahya kuwa, da ka taɓa raken Makarfi gara ka taka masa ƙafa. Daga can ƙasa zagi zai taso yana amsa kuwwa: karan dawa ma ya fi raken Kudan ruwa, jaki ma sai ya rasa ciyawa yake duba shi. Haka za su yi ta yi har a gama aiki. Masu kallo sun ɗauka wasan taubasai ne kawai. Ɗan'azumi bai taɓa yi musu bayani ba cewa da kunne yake auna numfashin ɗan'uwansa, muddin zagi na fitowa daidai to akwai rai da hankali a ƙasa.

Ranar da abin ya faru, a gonar Alhaji Muktar suke. Alhaji yana da rake mai yawa bayan gari da wurin dafa mazarƙwaila, ma'aikatansa sun kai ashirin. Wasu 'yan kasuwa daga Kaduna sun ce za su riƙa sayen mazarƙwailarsa, amma sai sun zo sun ga yadda yake kula da lafiyar ma'aikata. Alhaji bai yi wasa ba. Ya sa aka rubuta ƙaton allo a bakin gona: LAFIYAR MA'AIKACI GABA TAKE DA KOMAI. Ya sayo hulunan kwano guda shida ya rataye a ofis cikin ledarsu, don kada ƙura ta ɓata su. Saura rijiyar da ma'aikata ke sha, wadda ta fara wari, baƙi kuwa bayan azahar za su iso.

Ɗan'azumi na zura fitila ya hango wani katako a gicciye a tsakiyar rijiyar, hancinsa kuma ya jiyo fetur.

"Alhaji, an sa inji a cikin rijiyar nan?"

"An sa," in ji Alhaji. "Tiyon ne ya gaza, sai yara suka saukar da injin ban-ruwa kan katako ya zuƙe ruwan. Sauƙi na yi muku. Tun hantsi aka fitar da shi."

"Ran Alhaji ya daɗe, hayaƙinsa ba a fitar ba. A bar ta ta kwana a buɗe, gobe mu shiga."

Alhaji ya duba agogo, ya dubi allonsa, ya dubi Ɗan'azumi. "Gobe? Masu zuwa duba lafiyar ma'aikata yau za su zo, kai kana ce mini gobe? Fitilarka ta mutu?"

Ba ta mutu ba. Ta sauka gaba tara ta dawo tana ci lafiya lau, kowa ya gani. Ɗan'azumi ya buɗe laima ya fara ɗiba. A na uku masu yankan rake suka taru. A na biyar Saminu ya iso, mai lodin rake, ƙato mai ƙirji, wanda ke ɗaga siminti da rodi kowace safiya a ƙofar gidansu inda masu wucewa za su gani. Ya ce, "Matsoraci, in ka gama yi wa rijiyar fifita ka zo ka yi mini, zafi nake ji." Aka kwashe da dariya. Huzaifa, babban ɗan Alhaji kuma manajan gonar, ya yi dariya har da riƙe ciki.

Yahya ya matso ya rage murya. "Ɗan'azumi, ya isa haka. Fitila ta ci. Kada ka mai da mu abin kallo."

Shekara goma sha ɗaya ana yi masa dariya bai taɓa jin komai ba, amma ranar, da ya ji ta daga bakin Yahya, sai kunya ta kama shi. Ya rufe laima a na bakwai. Igiya ce kaɗai ya ƙi sassautawa. Yahya ya ce yau a bar ɗaurin, sai ka ce akuyar da za a kai kasuwa, Ɗan'azumi ya ce to kowa ya kama hanyar gida. Ya ɗaure shi a hammata, ya ja ƙullin sau biyu, ya ɗora igiyar kan gungumen da ke gicciye a bakin rijiya. Yahya ya bi ramukan taka ƙafa ya sauka, ya raɓa ta gefen katakon, ya dira cikin ruwa iya gwiwa.

"Kai Yahya, ka dai san raken Kudan ya fi na Makarfi zaƙi ko?"

"Uban wa ya faɗa? Ku da kuke tauna sandar gora kuna cewa rake!"

Bokitin taɓo ya hau, ya sauka, ya hau. A na huɗu sai ya yi jinkiri. Ɗan'azumi ya leƙa.

"Na ce ko a Makarfi ma, in ana son na kirki, Hunkuyi ake aikawa."

Sannan murya ta taso a hankali, a sanyaye, kamar ta mai magagi.

"Haka ne."

Ɗan'azumi ya ƙara leƙawa. "Me ka ce?"

"Haka ne... na Kudan... ya fi."

Tun suna yara Yahya bai taɓa yarda da wannan magana ba, ko da wasa, ko ranar Salla. Ɗan'azumi bai ƙara tambaya ba. Ya dafe ƙafa a jikin gungume ya ja da iya ƙarfinsa, ya ji nauyin mutum gaba ɗaya ya sauko kan igiyar, nauyin wanda ƙafafunsa suka saki. "Ku kama igiya!" ya yi ihu. "Ya suma! Ku kama mu ja!"

Mutum ashirin ne a wurin, da biyar sun kama da an gama cikin minti guda. Amma jan igiya aikin kowa ne, ba a ba da labarin wanda ya ja igiya. Saminu ya tuɓe riga, ya miƙa wa wani wayarsa ya ce, "Ɗauka, kada hannunka ya yi rawa." Ya yi kabbara mai ƙarfi, ya ture kafaɗar Ɗan'azumi da ke roƙonsa don Allah don Annabi, ya zura ƙafa ya fara sauka. Jama'a suka ɗauki kabbara suna cewa namiji ke nan. Ko hayaƙin ne ya buge shi, ko kuwa ƙasa ya duba, Allah kaɗai ya sani. Bai wuce rabi ba aka ji rim, ya faɗa kan katakon nan ya kwanta a gicciye, ƙirjin da ake ɗaga wa siminti ya toshe rijiyar ruf.

Yanzu mutum biyu ne a ciki, igiya ɗaya, kuma na ƙasa ba shi da hanyar wucewa. Ɗan'azumi ya ja Yahya har ya tabbata kansa ya bar ruwa, ya zagaya igiyar a jikin mangwaron da ke gefe ya ƙulle. Yana juyowa ya ga Alhaji a kansa yana kumfar baki.

"Me kake jira? Shiga mana! Ba aikinka ba ne? Ɗan'uwanka ne fa! A gonata za a mutu yau da baƙi ke zuwa?"

"Babu mai ƙara shiga," in ji Ɗan'azumi.

Sai ga Huzaifa yana naɗe hannun riga, idonsa kan wayar da ke ɗauka, ya doshi bakin rijiya. Ɗan'azumi ya sunkuya ya zari sandar rake mafi kauri a ɗaurin da ke kusa, ya shimfiɗa masa a kwauri. Huzaifa ya zube yana kiran uwarsa. Wani ya matso, shi ma ya samu rabonsa a kafaɗa. Ɗan'azumi ya tsaya ƙafa a ware a bakin rijiya, sanda a hannu, hawaye na zuba, yana cewa duk wanda ya ƙara taku ɗaya sai ya karya shi. Ba su taɓa ganin matsoraci ya fusata ba, suka ja da baya suna salati.

A nan Suwaiba ta iso. Gonar bayan gidaje take, labari kuwa ya riga kowa gudu. Ta kutso cikin maza, hijabi a karkace, ƙafa babu takalmi. Ta ga igiya a miƙe cikin rami, ta ga mijinta a sama lafiya lau yana dukan masu son ceton yayanta.

"Yaya na ciki kana tsaye?" ta ce. "Kana tsaye? Allah wadaran ranar da aka ɗaura mini aure da matsoraci!"

Duk zagin da aka yi masa a duniya babu wanda ya shige shi irin wannan. Ƙafarsa ta motsa da kanta ta nufi ramin farko na taka ƙafa, ga shi nan kusa, taku ɗaya ne, daga nan ba mai ƙara kiransa da wannan suna har abada. Sai ya tuna makara uku a jere, da rigar ubansa da wani ya kawo musu gida a ninke. Ya janye ƙafar. Ya buɗe buhunsa ya ciro ƙugiyar ciro guga mai baki huɗu da igiyarta, ya ce wa mai ɗaukar hoto ya kunna fitilar wayar ya haska ciki in yana son ya yi amfani sau ɗaya a rayuwarsa.

Sau uku ƙugiya na kuskurewa. A na huɗu ta kama bel ɗin Saminu ta baya, wani faffaɗan bel mai kan ƙarfe da yake ji da shi. Ɗan'azumi ya ja ya ji ta riƙe, ya juya ya danƙa wa Suwaiba jelar igiyar.

"In kina son yayanki, kama nan."

Ta kama. Da maza suka ga mace na ja, sai kowa ya tuna yana da hannu. Haka jarumin Unguwar Bobbo ya fito daga rijiya, ɗuwawu a gaba, kai da ƙafafu na reto, wando ya zame rabi. Aka shimfiɗe shi a inuwa, aka koma kan igiyar mangwaro. Ɗan'azumi ya kwanta rub da ciki yana karkatar da ita da hannu don Yahya ya wuce katakon, har tafin hannunsa ya saɓule. Yahya ya fito jiki a sake, taɓo har wuya, amma ƙirjinsa na ɗagawa. Aka sa su a motar rake sai asibiti a Makarfi.

Baƙin Kaduna sai bayan la'asar suka iso. Aka nuna musu allo, aka nuna musu hulunan kwano cikin ledarsu, suka yaba ƙwarai da tsabtarsu.

Saminu ya farfaɗo tun a hanya, Yahya sai da ya kwana huɗu da robar iska a hanci. Likita ya gaya wa Ɗan'azumi cewa hayaƙin inji ba ya kashe fitila, mutum yake kashewa, kuma da an ƙara minti kaɗan da sai dai a yi haƙuri. Ɗan'azumi ya fita bayan ɗakin ya zauna a kan dakali, yana ta tunanin laima bakwai a maimakon arba'in. Bai ga laifin Alhaji kamar nasa ba. Sau ɗaya ya ji kunyar tsoronsa, ga abin da ta jawo.

Kafin a sallamo Yahya, hoton ya zagaye wayoyin Makarfi da Kudan har Ikara. Wanda ya ɗauka mutum ne mai sanin ya kamata: ya bar inda Saminu ke tuɓe riga da kabbara, ya bar inda matsoraci ke dukan mutane da rake, ya yanke inda ƙugiya ta yi aikinta. Ƙungiyar Cigaban Unguwar Bobbo ta kira taro a filin makaranta, aka kafa rumfa, aka ɗauko lasifika. Aka naɗa Saminu Garkuwan Matasa, aka ba shi takardar yabo a cikin gilashi. Alhaji Muktar ya tashi ya sanar cewa daga yau Saminu ne Shugaban Kula da Lafiyar Ma'aikata na gonarsa, ya fasa leda ɗaya da hannunsa ya ɗora masa hular kwano, aka yi tafi. Wani dattijo ya ce rabonsa da ganin irin wannan zuciya tun Malam Zainulabidin na Hunkuyi, Allah ya ji ƙansa, shi da bai bar magaji ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A ƙarshen taro aka kira Ɗan'azumi gaban jama'a ya ba Huzaifa haƙuri kan kwaurinsa, ya durƙusa ya bayar.

Daga filin bai wuce gida ba, ya biya ɗakin uwarsa. Tsohuwar tana tsince wake a faifai, ta ji duk abin da lasifika ta faɗa. Ba ta ɗago ba ta ce, "Shekara ashirin da biyu ina cin jarumtar ubanka, ba ta taɓa ƙosar da ni ba. Da an sami mai sandar rake a Hunkuyi ran nan, da har yau ina yi masa addu'a." Ta ci gaba da tsintar wakenta.

Suwaiba kuwa tun ranar ba ta haɗa ido da shi ba. Ta yi jinyar yayanta, ta dawo, tana dafa abinci ta ajiye ta koma ɗaki. Shi yana ganin har yanzu tana kan maganarta, bai kuma san yadda ake tambayar mace ko har yanzu tana Allah wadai da ranar aurenta ba. Ya rataye igiya a bayan ƙofa, ya fara tunanin ko ya koma yankan rake kamar kowa.

Bayan wata guda rijiyar Alhaji ta koma wari, don taɓon da aka fara kwashewa yana nan. Alhaji ya aika wa Yahya shi kaɗai, ya ce ba a bukatar mai laima, yanzu gona tana da shugaban lafiya. Ranar aikin mutane suka cika wurin fiye da na farko. Saminu na tsaye a bakin rijiya da hular kwano da 'yar shara mai ƙyalli, riƙe da sabuwar igiya shuɗiya, wani na ɗaukarsa a waya. Yahya ya iso a hankali, ya rame, ya leƙa rijiyar, ya dubi Saminu tun daga hula har takalmi.

"Wa zai riƙe mini igiya?"

"Ga Garkuwa nan," in ji Alhaji. "Mutumin da ya sayar da ransa dominka."

"Na gode masa," Yahya ya ce. "Garkuwa, in na sake suma a ciki, me za ka yi?"

Saminu ya bugi ƙirji ya juya wajen waya. "Wallahi kafin ka kai ƙasa na biyo ka!"

"Na sani," in ji Yahya. Ya nemi gindin mangwaro ya zauna. "Alhaji, a kira mini matsoracin. Ni mai biyo ni ba ya yi mini amfani, mai fito da ni nake so. In ba shi ba, rijiyar nan ta yi ta wari har tashin kiyama."

Alhaji ya yi faɗa, ya yi lallashi, ya ambaci takardar gilashi. Yahya ya karyo rake yana sha. Da rana ta fara zafi, dole aka aika.

Ɗan aiken ya tarar da Ɗan'azumi a zaure, ya faɗi saƙo ya juya. Ɗan'azumi ya shiga ɗauko kayan aiki, bai ga igiya a bayan ƙofa ba. Sai ga Suwaiba ta fito daga ɗaki da ita a naɗe, an wanke taɓon, inda ta goge a jikin gungume an yanke an sake ƙullawa. A ɗaya hannun laima ce, wani tsinkenta da ya karye an ɗaure shi da zare. Ta miƙa masa, kanta a ƙasa.

"Maigida," ta ce, "sau nawa ka ce ake yi?"

"Arba'in."

"To ka yi hamsin. In sun yi dariya su yi." Ta share ido da gefen zane. "Da ka ji maganata ran nan, da yau takaba nake yi, ga makokin Yaya. Ka yafe mini."

Ya karɓi igiyar da hannu biyu.

A bakin rijiya ya zura fitila, ta dawo tana ci, bai kula ta ba. Ya tambaya ko inji ya sake shiga, aka rantse bai shiga ba. Ya buɗe laima. Wani ya fara dariya a na uku, ya waiga ya ga shi kaɗai ke yi, ya mai da ita tari. Garkuwan Matasa ya riƙe sabuwar igiyarsa har hannu ya gaji, daga baya ya koma inuwa ya cire hular yana fifita da ita. Ɗan'azumi ya cika hamsin, ya ɗaure Yahya a hammata, ya ja ƙullin sau biyu, ya zaɓi mutum huɗu ya tsayar a bayansa, ya ce aikinsu ja ne kawai, wanda ya ji jarumta ta motsa masa ya faɗa tun yanzu. Ya jingine sandar rake kusa da ƙafarsa inda kowa zai gani.

Yahya ya sauka. Aka ji ƙafarsa ta taɓa ruwa. Ɗan'azumi ya leƙa.

"Kai Yahya. Ran nan a gaban mutum ashirin ka amsa da bakinka cewa raken Kudan ya fi na Makarfi."

"Ni? Ƙarya kake yi, matsoracin banza!" Muryar ta taso da ƙarfi tana dukan bangon rijiya. "Ko a kabari ba zan faɗa ba! Raken da akuya ke shinshinawa ta wuce?"

Ɗan'azumi ya gyara riƙon igiya, ya goge fuska da kafaɗa.

"Ƙara faɗa," ya ce. "Ban ji ba."